Likkafanin Inna a Wahran

Shekarar da fara ta cinye abin da fari ya rage, na tafi Aljeriya da likkafanin mahaifiyata a kafaɗa. Aro ta ba ni.

Sunana Lawali, mutumin Zermu. A shekarar mun sayar da awaki, mun sayar da bargo, anza muke ci, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci. Tufa ɗaya ta rage a ɗakin Inna, ita ce likkafaninta. Da hannunta ta kaɗa audugar, shekara da shekaru. Masaƙin garinmu ya saƙa mata zugu, ta harhaɗa shi ya zama mayafi guda babba, ta naɗe ta sa cikin tukunya saboda gara. Ta ji an ce sanyin hamada yana kashe mutum, sai ta ciro shi ta miƙo mini.

"Ka rufa da shi. Aro ne, ba kyauta ba. Ka maido mini kafin a neme shi."

"In na riga ki fa, Inna?"

"Kada ka soma. Ban kaɗa don ƙato ba, ƙafafunka za su leƙo."

Ban da noma, ɗinki ɗaya na iya, shi ma yunwa ce ta koya mini. A garinmu ba a kai likkafani wurin tela. Maza ke zama a zaure su ɗinka da hannu. Zaren daga jikin ƙyallen ake zaro shi. Ba ƙulli a farko, ba ƙulli a ƙarshe, allura ba ta komawa baya. A shekarar na zauna zaure sau da yawa, har hannuna ya fi na dattawa sauri.

A tashar Agadas na haɗu da Mutari, ɗan Guna, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Ni ba na magana, shi ba ya shiru, sai tafiya ta haɗa mu. A Arlit wani mutum mai tabarau da riga mai guga ya sayar mana da takardun shiga ƙasa. Ya ce da su ba jandarman da zai taɓa mu. Tawa shuɗiya ce mai hatimi biyu. Ban yi lakwal ba balle in karanta, Mutari ma bai yi ba. Na sa ta cikin leda na ɗaure a ƙugu kamar laya.

Kamyo, babbar motar nan, ya ɗauke mu bisa kaya. Inna ba ta yi ƙarya ba game da sanyi. Da asuba mu uku muke shiga mayafin, ni da Mutari da wani tsohon Bafillace da ban san sunansa ba har muka rabu. A rana ta uku kamyon ya lalace. Kwana biyu muka yi a fili, ba icce ko na asuwaki. Na ɗaura gefen mayafin a jikin kamyo, ɗayan gefen a sanduna biyu, mutane suka cunkushe a ƙasa, mata masu goyo a tsakiya.

Mutari ya ɗaga kai ya duba. "Lawali, wannan gwadon naka ba ja ba baƙi, fari fat, sai ka ce likkafani."

Na ce, "Shi ne."

Mutum huɗu suka fita daga inuwar. Ba su jima ba rana ta maido su.

Bayan iyaka jandarmomi suka tare mu. Na kwance ledata na miƙa da hannu biyu. Mutumin ya karanta, ya dube ni, ya kira abokinsa, su biyu suka riƙe ciki. Wani Buzu da ke jin Hausa ya ce mini, "Ya ce a tambaye ka, wata nawa cikin naka?" Katin awon ciki aka sayar mini. Ta Mutari kuwa takardar rigakafin raƙuma ce. Da suka gaji da dariya, babbansu ya ba mu burodi da gwangwanin kifi, ya nuna mana hanya da haɓa, ya juya baya. Tun daga ranar Mutari ke kirana Mai-ciki, ni ina kiransa Taguwa.

A Tamanrasat mun yi wata huɗu. Bulo muke ɗauka a shantiye, wurin gini, in an samu, mu kwana a busasshen gulbi bayan gari. Ƴan ƙasarmu sun yi yawa, kowa fari ne ya koro shi, aiki bai isa ba. Burodi safe, burodi rana. Akwai ranar da na ji wata mata tana daka a bayan katanga, na tsaya da bulo a kai har patron, mai aikin, ya zage ni. Ba gero take dakawa ba ma. Ƙarar ce kawai.

Muka ƙara gaba zuwa Gardaya, gonar dabino. Mai gonar ya tambayi wanda ya iya hawa. Mutari ya ce shi a kan giginya aka yaye shi. Kwana tara ya yi yana hawa, a na goma ya faɗo. Ƙugu ya karye, baya ya tsage. Mai gonar ya kai shi gidan likita, ba zan ɓoye alherinsa ba. Suka ɗaure shi, suka shafa masa wani jan magani, suka ce a tafi da shi, ba shi da takarda. Aka ba mu ɗakin injin ruwa.

Wata biyar na yi jinyar Mutari. Da safe aiki, da rana in dawo in juya shi, in wanke shi, in kwashe abin da ya yi. Ƴan Mali da muke aiki tare suna cire mana rabonmu daga tukunyarsu, ba su taɓa faɗi ba. Ɗaga shi ne wuya, ko ina ka taɓa sai ya yi ƙara. Da kaina na gano dabara. In zura mayafin ƙarƙashin bayansa da cinyoyinsa, in haɗa bakin biyu a bayan wuyana, in miƙe da gwiwa, sai ya taso gaba ɗaya kamar jariri. Jan maganin ya kama tsakiyar mayafin. Na wanke, na wanke, bai fita ba.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kama shi kwana shida, ya daina wasa.

"Mai-ciki, in na tafi ka naɗe ni a wannan. Na saba da shi."

"Ba nawa ba ne."

"Tsohuwa za ta yafe."

"Ba ka san ta ba. Ka nemi naka, ko ka tashi."

Ya tashi. Da sanda, ƙafar hagu tana ja, amma ya tashi. Gona ba ta da aikin gurgu, sai muka nufi bakin teku.

Wahran gari ne mai hawa da gangara, ko ina matakala. Wata rana ina haurawa da Mutari cikin mayafin, shi yana zagin magina garin ɗaya bayan ɗaya, sai muka ji Hausa daga baya.

"Ku ƴan ina ne, da baki haka kamar kasuwar Dole?"

Yaya Tsahara ke nan, mutuniyar Mirriya, babba ce a kanmu. Ta daɗe a garin tana renon ƴaƴan Larabawa, nata biyu suna gida wurin uwarta. Tana jin Larabci da Faransancin madafa. Ta dubi yadda na sauke Mutari, ta zagaya ta dubi ɗaurin, ta ce, "Ƙanena, gobe ka yi wanka. Na samo maka aiki."

Jinyar wani tsoho ce, ɓarin jikinsa ya shanye. Dā a tashar jiragen ruwa yake aiki, ƙato ne har a kwance. Ya kori masu jinya uku, ɗaya da cizo. Ƴarsa ce ke riƙe da shi, Madam Nadiya, mace mai gajeren gashi da allurai a bakin riga. Ranar farko na nufi gadonsa kai tsaye. Na zura mayafin, na ɗaga shi, na ajiye a keken guragu. Ya kama gefen ƙyallen da hannunsa mai rai, ya murza tsakanin yatsu, ya yi wata magana.

Yaya Tsahara ta ce, "Wai uwarsa ma tana kaɗi."

Bai taɓa cizona ba. Shekara guda na yi ina wanke shi, ina aske shi, ina ba shi abinci da cokali. Ba mu jin yaren juna, ba mu rasa komai ba. Da abin da nake samu gidanmu ya ci gero har damina biyu.

Tun a hanya, bayan mun fito daga gidan ranar farko, na gaya wa Yaya Tsahara likkafanin Inna ne, na ja mata kunne. "Kada ki faɗa musu ko mene ne mayafin nan. In ta sani ba za ta bari in sa shi ƙarƙashin ubanta ba."

Madam Nadiya na da ɗaki cike da tsummoki. Zanen gado da ya sha wanki, rigunan aikin gida, majanyi, tsumman goge daɓe, safar hannu. Na ɗauka gwanjo take sayarwa, na ce a raina wannan kaya ko a Zermu ba mai saye. Yaya Tsahara ta ce ba sayarwa take ba. Aronsu take yi daga hannun masu reno da masu jinya da masu shara na garin, za ta haɗa su ta rataye, mutane su zo.

"Su saya?"

"Su kalla."

"Su kalla su yi me?"

"Su ji kunya, ina jin."

Ta samu wata tsohuwar mangaza, babban ɗakin ajiyar kaya, kusa da teku. Duk Juma'a da hantsi, ranar da masu aiki ke hutawa, matan sukan taru can su yi ɗinki. Akwai ƴan Mali, da ƴan Kamaru, da Larabawa ƴan ƙauye. Ni Tsoho nake turowa ya sha iska. Madam ta ja igiyoyi daga bango zuwa bango, ana rataya ƙyallayen suna zama bango da rufi, kamar rumfa mai tsawo. Ƙofar ta yi ta ƙasa da gangan. Ta ce duk mai shiga sai ya sunkuya kamar mai ɗaga marar lafiya, ya yi tafiya a haka har bayansa ya gaya masa. A tsakiya ne rufin ke tashi sama, daidai wata taga ta saman mangazar, a nan mutum zai miƙe. Abin da za a sa a wurin ne ta rasa. Ta gwada zanen gado uku ta sauke.

Na ga tana kallon mayafin. Da ta aiko Yaya Tsahara neman aronsa na ce a'a tun ba ta gama ba.

Yaya Tsahara ta kwance majanyin da ke ƙugunta, wani tsoho mai ratsin shuɗi, ta shimfiɗa a cinya. "Ka ga wannan? Da shi na goyi nawa biyu a Mirriya. Da shi na goyi na Larabawa bakwai. Babbansu ya wuce ni a titi shekaran jiya, ya kau da kai. Ina so a rataye shi sama, su ɗaga kai su dube shi. Wata ɗaya ne, Lawali."

Mutari ya ce, "Ni da na fi kowa kwana a ciki na yarda. Jinina ne a tsakiya, a bar mutane su ga sarauta."

Na yi kwana biyu ina tunani. Na ce na yarda da sharaɗi biyu. Ni zan ɗinka da hannuna. Ranar da na ce a ba ni, a ba ni. Madam ta ɗora hannu a ƙirji ta ce ta ji.

Ta ba ni zare a kwarkwaro, na ajiye. Na zaro nawa daga bakin mayafin, dogaye huɗu, ɗaya ga kowane gefe. Na haɗa shi da majanyin Yaya Tsahara ta gabas, rigar wata mai shara ta yamma, zanen gado biyu kudu da arewa. Yaya Tsahara ta leƙo, ta ga hannuna, fuskarta ta canza.

"Kai, ɗinkin matattu kake yi wa kayan masu rai?"

"Shi kaɗai na iya, Yaya."

"Majanyina ne fa."

"Zai riƙe. In ba a ja ba, ba ya sakewa."

Ta yi tsaki ta koma wurinta. Madam ma ta zo ta juya ɗinkin, ta nemi ƙulli ba ta samu ba. Na ce haka ake yi a garinmu. Ta ce yana da kyau, ba a ganin inda aka haɗa. Tsoho kuma na koma ɗaga shi da zanen gado ninki biyu. Ya yi fushi kwana uku.

Ranar da aka buɗe, mutane suka zo da turare da takalma masu ƙara. Na tsaya gefe ina kallon manyan gari suna sunkuyawa ƙarƙashin tsumman goge daɓe. In sun kai tsakiya sai su miƙe, su riƙe ƙugu, su ɗaga kai. Hasken tagar yana ratsa zaren Inna, inda ta yi kauri da inda ta yi siriri duk ana gani, jan maganin Mutari a tsakiya. A nan surutu ke mutuwa. Wata mata ta gane rigar mai aikinta, ta tsaya tana shafa aljihun, ta fita ba ta kai tsakiya ba. Na tura Tsoho a kekensa muka ratsa. Yaya Tsahara ta ce mini ya ce wa ƴarsa shi kaɗai ne ya shiga da girmansa.

Wata ya cika, aka ƙara wani. Sai wani Nasara ya zo daga ƙetaren teku, ya ce zai kai abin ƙasarsu a nuna gari-gari, shekara biyu. Madam ta bi matan ɗaya ɗaya ta tambaye su, suka yarda. Ni ta ga ban ce komai ba, ta ɗauka na yarda. Ni kuwa ina neman bakin da zan faɗa ne.

A satin na je gidan talho na kira Zermu. Ƙanena ya ce, "Inna ta kwanta, ko fura ba ta sha. Ba ta ce ka zo ba. Ta ce a tambaye ka aronta."

Daga nan mangaza na nufa, na biya na ɗauki Yaya Tsahara da Mutari. Azahar ta yi. Akwatunan katako suna ƙasa, masu naɗewa sun zo, Nasaran yana tsaye da takardu. Na ce wa Yaya Tsahara, "Ce mata yau ce ranar."

Madam ta yi magana mai tsawo. Wai jirgi gobe zai tashi. Wai warware ɗinkin hannu a saman nan zai ci kwanaki. Wai mayafin shi ne zuciyar aikin. Za ta saya mini farin yadi bandir guda, mafi kyau a garin, in kai wa uwata. Ba da mugunta take faɗi ba, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "A'a."

Yaya Tsahara ta dube ni. "Zan gaya mata, Lawali."

"Gaya mata."

Ta gaya mata likkafanin Inna ne. Madam ta zauna bisa akwati. Sannan ta yi tambaya ɗaya, Yaya Tsahara ta juya mini. "Wai a cikinsa kake ɗaga babanta?"

"Shekara guda. Ga shi nan da ransa, yana zagin mutane."

Ta tashi ta ɗauko almakashi. Na gane nufinta, za ta yanke ƙyallayen da ke kewaye don nawa ya fita lafiya. Na riƙe hannunta. Na ce ba za a yanka majanyin kowa ba. A kawo tsani.

Mutari ya ajiye sandarsa ya riƙe tsanin. "Hau a hankali, Mai-ciki. In ka faɗo ni ba zan iya wata biyar ba."

Na hau. Na nemi bakin zaren gabas na ja. Ya biyo hannuna sumul, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ja na yamma, na ja na kudu. Da na ja na arewa mayafin ya sauko bisa kaina, da ɗumin rana a jikinsa. Sauran ƙyallayen suna ɗaure a igiyoyinsu, ba wanda ya faɗi. Ban kai tsawon alwala a sama ba.

Wurin ya zama rami mai kusurwa huɗu, haske yana zubowa ƙasa tsirara. Nasaran ya yi ta magana da hannuwa. Madam ta shiga tsakiya ta ɗaga kai, ta daɗe. Aka kawo mata zanen gado ta ture. Ta ce a bar shi haka.

Yaya Tsahara ta ce, "Gara haka. Mu ma gurbin da muka bari a gida ba a sa kowa ba."

Na nuna wa Mutari ɗaurin zanen gado sau uku, ya gwada da ni, ya gwada da Tsoho. Ƙafarsa ce ke ja, hannuwansa lafiya. Ya karɓi aikin. Tsoho ya kama gefen mayafin ya murza, ya sake. Madam ta raka ni tasha. Ta miƙo mini zarurrukan nan huɗu, ta naɗe su a takarda.

Kwana goma sha ɗaya na yi a hanya. Ban rufa da shi ba ko sau ɗaya, a cikin riga na ɗaure shi.

Na sami Inna a kwance, ta zama kamar kara. Ban gama gaisuwa ba ta miƙo hannu. Ido ya tafi, da yatsu ta duba. Ta bi gefe huɗu, ta ji hujin allura. Ta kai shi hanci. Ta kawo shi daf da ido ta ga jan.

"Wa ka kashe a ciki?"

"Ba kowa, Inna. Mutum biyu na ɗaga da shi, duk suna da rai. Ya yi wa ƴan kamyo inuwa. An rataye shi a bakin teku, manyan gari sun sunkuya kafin su gan shi."

"Sun ce me?"

"Shiru suka yi."

"Sun ga kaɗi ke nan." Ta sa shi ƙarƙashin kanta. "Tun da ya dawo, ba na gaggawa. A dama mini fura."

Damina uku ta ƙara. Ranar da ta rasu dattawa suka ga jan a zaure, wani ya ce a sayo sabon yadi, wannan ya sha hannu. Na ce ita ta kaɗa, ita ta jira shi, a ciki za ta tafi. Aka yanka shi yadda ake yanka na mata. Na kwance takardar Madam, na ɗinka da zarurrukan nan huɗu. Ya ishe ta har da saura.

Mutari yana Wahran har yanzu. Tsoho ya rasu a hannunsa, ya koma wani gida. Ya ce mini abin Madam ya dawo daga yawonsa da raminsa, Yaya Tsahara ta karɓi majanyinta.

Ni ina Zinder, unguwar Kara-Kara, ɗaki na biyu bayan famfo. In mutum ya kwanta, nasa sun kasa ɗaga shi, ni ake kira. Ina zuwa da zanen gado.